Tsohuwar waƙa da bakin fada: amsa ga mai rubuta almara

Tambayar daga wata marubuciya ta zo, ga ta a taƙaice: "Malam, ina rubuta littafin almara a wata duniya da na ƙaga da kaina, da ƙasashenta da allolinta na ƙarya. Akwai wata daula mai bautar rana da ta ci mutanen bakin kogi da yaƙi. Ina so daular ta zama tana da tsohuwar waƙar jarumta mai tsawo, wadda matsafan fada ke kafa hujja da ita cewa mulkinsu daga sama yake. Na rubuta baiti 40, amma duk wanda na ba ya karanta sai ya ce ƙaryar ta fito fili, babu mai hankalin da zai yarda. Ina gyaran yake?"

Malama, na karanta baitocin sau biyu, kuma masu karatunki sun faɗi gaskiya. Ba iya waƙa ne ya gagare ki ba, kina da kunne. Abin da ya faru shi ne kin rubuta waƙar kina ƙinta. Kowane baiti yana ƙyafta wa mai karatu ido yana cewa "ga maƙaryata nan". Sarki ya fi kowa, abokan gaba karnuka ne, wanda ya ƙi biyan haraji rana za ta ƙone shi. To, mutanen duniyarki ba su san a cikin littafi suke ba. A wurinsu wannan waƙa ita suka fara ji suna goye a baya, da ita aka kai su ɗakin aure, da ita za a kai su kushewa. Dole ta yi daɗin da in an rera ta tsigar jiki za ta tashi, har ta wanda aka zalunta da ita. In ba ta kai nan ba, shelar sankira kika rubuta.

Abin da zai fi miki amfani shi ne ki ga yadda aka yi abin da gaske, kuma babu inda ya fito sarai kamar Babila.

Babila tana ƙasar Iraki ta yau, kudu da Bagadaza, a bakin kogin Furat. Da fari ƙaramin gari ce, abin bautarta Marduk shi ma na gari guda ne. Babban abin bautar yankin duka shi ne Enlil, ɗakinsa yana birnin Nippur. Sarki Hammurabi, wanda ya yi mulki wajen 1792 zuwa 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya ɗaga Babila da takobi. Amma ɗaga gari daban, ɗora gunkin garin a kan na kowa daban. Wannan aiki na biyu ya ɗauki ɗaruruwan shekaru, kuma waƙa ce ta rufe shi. Sunanta Enuma Elish, wato kalmominta biyu na farko, ma'anarsu "sa'ad da a can sama". An rubuta ta a kan allunan yumɓu 7, layukanta sun haura 1,000. Masana da yawa suna danganta ta da zamanin Nebukadnezzar na Ɗaya, wajen 1125 zuwa 1104 kafin haihuwar Annabi Isa, sarkin da ya je ƙasar Elam, a Iran ta yau, ya ƙwato mutum-mutumin Marduk da aka sace.

Ga labarin. Tun ba a raɗa wa sama suna ba, ruwa biyu ne kawai a cakuɗe: Apsu, ruwan daɗi, da Tiyamat, ruwan teku. Daga cikinsu aka haifi alloli. Yaran suka cika gida da hayaniya, Apsu ya kasa barci, ya ƙulla zai hallaka su, sai Eya mai wayo ya riga shi. Tiyamat ta tashi ɗaukar fansar mijinta, ta haifi dodanni 11, ta naɗa Kingu sarkin yaƙi, ta rataya masa allon ƙaddara a ƙirji. Aka tura manya, kowa ya hango ta sai ya juyo. Sai saurayi Marduk, ɗan Eya, ya ce zai je, amma da sharaɗi: in ya yi nasara, maganarsa ce ta ƙarshe har abada. Alloli suka taru, suka ci, suka sha giya, suka ce sun yarda. Ya fita da baka da taru da iskoki. Da Tiyamat ta wage baki za ta haɗiye shi, ya tura mata iska cikinta ya kumbura, ya sake mata kibiya. Ya tsaga gawar gida biyu kamar busasshen kifi, rabi ya zama sama, rabi ƙasa, Dijla da Furat suka ɓuɓɓugo daga idanunta. Aka yanka Kingu, aka yi mutum da jininsa don ya ɗauke wa alloli wahalar aiki. Su kuwa alloli, don godiya, suka shekara suna buga tubali da hannunsu, suka gina Babila da ɗakin bautar Marduk, Esagila. Sannan suka zauna suka jera masa sunaye 50.

Ki koma ki duba ina farfagandar take. Babu sunan sarki ɗan Adam ko ɗaya a cikin waƙar. Babu inda ta ce a biya haraji. Ta dai ce maka tun ranar da aka yi mutum, don hidimar alloli aka yi shi, kuma gidan da alloli suka gina da hannunsu yana Babila. In mai karɓar hatsin ɗakin bauta ya zo ƙofarka, gardamar me za ka yi? Haka kuma ba ta zagi tsofaffin alloli ba. Su da kansu suka miƙa sarauta, suna murna. Lamba 50 ta Enlil ce tun asali, sai ga shi an ba Marduk sunaye 50, har Enlil ɗin da bakinsa ya ba shi nasa laƙabin na ubangijin ƙasashe. Mutumin Nippur da ya ji wannan ba a ce masa abin bautarsa ƙarya ne ba. An ce masa ya tsufa ya naɗa magaji. Wannan ya fi zagi tasiri nesa ba kusa ba, don bai bar masa abin yin fushi a kai ba.

Shi kansa yaƙin aro ne. Akwai tsohon labarin Ninurta, ɗan Enlil, wanda ya yaƙi tsuntsu Anzu da ya sace allon ƙaddara bayan wasu alloli sun ƙi fita. Mawaƙin Babila ya ɗauki rigar Ninurta ya sa wa Marduk. Masu sauraro sun riga sun san kiɗan, sunan mai rawa kawai aka sauya. Ki kuma lura da rabon wuri: karon da aka yi da Tiyamat ɗan guntu ne a allo na 4, jerin sunayen kuwa ya cinye ƙarshen allo na 6 da kusan dukan na 7. Yaƙin shi ne zumar da aka shafa a baki, jerin sunayen shi ne maganin.

Yanzu ga wurin da nake so ki tsaya ki daɗe, don shi ne babu ko ƙyallinsa a rubutunki. Waƙa ba a takarda take rayuwa ba, sai da rana da wuri da mai rerawa. A Babila ana bikin sabuwar shekara mai suna Akitu a watan Nisanu, wajen Maris zuwa Afrilu. Allunan da suka bayyana tsarin bikin sun nuna cewa a rana ta 4, da yamma, babban matsafin Esagila yakan tsaya gaban mutum-mutumin Marduk ya karanta waƙar daga farko har ƙarshe. Yana cikin karatun, kambin Anu, abin bautar sama, da kujerar Enlil a lulluɓe suke. Washegari sarki ya shigo. Matsafin ya karɓe sandarsa da kambinsa da sauran kayan sarauta, ya ajiye gaban gunki. Ya dawo ya kwaɗa wa sarki mari, ya ja kunnuwansa, ya durƙusar da shi. Sarki, a durƙushe, ya ce bai yi laifi ba, bai rushe Babila ba, bai yi sakaci da Esagila ba, bai mari 'yan gari masu alfarma ba. Sai a mayar masa da kayansa, a ƙara masa wani marin. In hawaye ya zubo, Marduk ya yarda da shi. In ido ya bushe, alamar fushi ce.

Ki tsaya ki kalli wannan hoton. Mutumin da ya fi kowa iko a ƙasa, kunci ya yi ja, yana fatan hawaye ya zo. Ta wa ce waƙar, ta sarki ko ta masu ɗakin bauta? A littafinki kin haɗe fada da matsafa kamar abu guda ne. Ba a cika samun haka ba. Kowa yana buƙatar ɗan'uwansa, kowa kuma yana tsoronsa, waƙar ita ce igiyar da ta ɗaure su tare, kowa yana ja ta nasa ɓangaren.

An kuwa ga ranar da igiyar ta shaƙe sarki. Nabonidus, sarkin Babila na ƙarshe, ya hau mulki a 556 kafin haihuwar Annabi Isa, ya karkata ga bautar farin wata, ya tafi Taima a ƙasar Larabawa ya zauna kimanin shekara 10. Babu sarki a gari, babu bikin Akitu, marubutan tarihin Babila suna ta rubuta hakan shekara bayan shekara. A 539 Sairus na Farisa ya shiga Babila. Rubutun da aka yi da sunansa a kan wani mulmulallen yumɓu, wanda aka tono a 1879 kuma yana gidan tarihin Birtaniya da ke Landan a yau, cewa ya yi Marduk ne ya duba ƙasashe duka yana neman sarki adali, ya kama hannun Sairus ya kawo shi. Baƙo ɗan wata ƙasa, mai wani addini, ya zo ya yi magana da harshen ɗakin bautar gari, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Wanda duk ya kafa mulki a kan cewa sama ce ta zaɓe shi, ya ba duk mai iya karanta waƙar damar cewa sama ta sauya ra'ayi. Ga rabin labarin littafinki nan kyauta.

Abu na gaba shi ne ɗinki. Tsohuwar waƙa ba mutum ɗaya ke yin ta a zama ɗaya ba, kuma duk inda aka yi faci zare yakan nuna. A 689 kafin haihuwar Annabi Isa, Sennakerib, sarkin Assuriya da ke arewacin Iraki ta yau, ya rushe Babila, aka kwashe mutum-mutumin Marduk. Marubutan fadarsa ba su ƙone waƙar ba, ta fi ƙarfin haka. Kwafe ta suka yi, inda aka ce Marduk suka sa nasu abin bautar, Ashur, inda aka ce Babila suka sa birninsu. Sai dai sunan Ashur da rubutun Anshar suka rubuta shi, alhali a asalin waƙar akwai wani Anshar, tsoho, kakan mahaifin Marduk, wanda ke tura matasa yaƙi. Sai ga suna guda a kan tsoho mai aike da saurayin da aka aika. Irin wannan tuntuɓe ne ke nuna an taɓa waƙar. Gyaran ma bai yi ƙarko ba: an kashe Sennakerib a 681, ɗansa Esarhaddon ya sake gina Babila, a 668 aka mayar da gunkin gida.

Kin tambaya a gefe yadda za ki siffanta abokan gaba a cikin waƙar. A nan sai mu ƙetara Faransa. A ranar 15 ga Agusta, 778 bayan haihuwar Annabi Isa, sarki Sharlaman yana dawowa daga arewacin Andalus, aka yi wa ƙarshen rundunarsa kwanton ɓauna a wata mashiga ta duwatsun da ke tsakanin Faransa da Sifaniya. Marubucin tarihinsa, Einhard, ya ce Baskawa ne, mutanen duwatsun, ya kuma ambaci wani hakimi Roland cikin waɗanda suka mutu. Wani abin dariya ma, wani gwamna Musulmi na Basalona ne ya gayyato Sharlaman tun farko. Bayan shekara 300 da 'yan kai, wajen 1100, daidai lokacin da aka yi kiran yaƙin Salibiyya na farko a 1095 aka kuma ci Ƙudus a 1099, sai ga Waƙar Roland mai layi kusan 4,000. Baskawa sun ɓace, sun koma rundunar Musulmi ta dubban ɗaruruwa. Sharlaman, wanda bai kai 40 ba ranar yaƙin, ya zama tsoho mai farin gemu da ya haura shekara 200. Babban limamin coci yana sara da takobi yana yi wa mayaƙa alkawarin aljanna. Musulmi kuwa waƙar ta ce gumaka uku suke bauta wa, har ɗaya ta laƙaba masa sunan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam.

Duk Musulmin da ya ji wannan ya san mawaƙin ko dai bai taɓa zama da Musulmi ba, ko bai damu ba. Abokin gaban da ya zana nasa mutanen ne aka kifa: suna da manyan jarumai 12 kamar yadda Sharlaman ke da 12, suna da sarki da hakimai irin tsarin Faransa, suna da abin bauta uku. Haka ya kamata mutanen kogi su fito a waƙar daularki. Kada su yi kama da mutanen kogi na ainihi da mai karatu zai sadu da su a babi na gaba. Su zama masu bautar wata "baƙar rana" da babu wanda ya taɓa jin sunanta a bakin kogi. Ranar da sojan daula ya shiga ƙauyensu yana neman ɗakin baƙar rana ya rasa, ya tarar da tsohuwa tana zuba wa ruwa gero, kin sami babi guda.

Waƙar Roland ta koya wani abu kuma: waƙar shan kaye ce. Jarumin ya mutu, shi da abokansa duka, saboda cin amanar wani na gida. Baitocinki 40 nasara ce tun daga farko har ƙarshe, shi ya sa ba sa motsa zuciya. Mutum ba ya ɗaukar mashi don an gaya masa kakanninsa sun ci yaƙi. Yakan ɗauka in an gaya masa an ci amanarsu, jininsu yana ƙasa ba a biya ba. Ki ba daular rana gawa guda da take kuka a kanta duk shekara.

Na Rum ba zan daɗe a kansa ba. Mawaƙi Birjil ya yi wa gidan sarki Augustus waƙar da ta kai asalinsu ga jarumin da ya tsira daga rushewar birnin Taroy, ya mutu a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa bai gama gyaranta ba, an ce ya so a ƙone ta, sarki ya hana. Waƙar yabon daula ce, amma ta ƙare da jarumin yana soke mutumin da ya riga ya faɗi yana roƙo, cikin fushi. Shekara 2,000 ke nan ana gardamar me mawaƙin yake nufi. Mawaƙin ƙwarai, ko an biya shi, yakan bar wani abu da mai biya bai yi oda ba.

A gida ma muna da ɗan misali, ko da yake labari ne ba waƙa ba. Kowa ya san Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ƙarshen labarin, inda zuriyar matan aure suka zama Hausa bakwai, zuriyar ƙwarƙwara kuma banza bakwai, aka jefa irin su Kabi da Zamfara da Nufe a ciki. Ba a zagi kowa ba, an ma ce 'yan'uwa ne, sai dai an nuna wa kowa ɗakin uwarsa. Ba sai an gaya miki ba, ba daga bakin Bakabe aka fara jin wannan rabon ba. Salsala makami ce mai sanyi, ki yi amfani da ita.

To, mu dawo duniyarki. Kafin ki ƙara baiti ko ɗaya, ki rubuta wa kanki tarihin waƙar, shafi guda ya isa, kuma ba don ya shiga littafin ba. A ganina hawa uku za ki yi mata. Na ƙasa waƙar noma ce ta mutanen kogi, ta girmi daular kanta. Na tsakiya aikin mawaƙin fada ne bayan cin yaƙi, wanda ya tarar kowa ya iya tsohuwar waƙar, ya ga sauya ta ya fi hana ta sauƙi, ya ƙara yaƙi da jarumi da gawar da ake kuka a kai. Na sama na matsafa ne na baya, masu son jerin sunaye da ƙa'idojin hadaya, kuma shi ne mafi rashin daɗi, inda yara ke gyangyaɗi. Ki san wa ke ciyar da mai rerawa, gonar wa yake ci. Ki san ranar da ake rera ta cikakkiya da wanda ba a yarda ya ji wani sashe ba. Ki san inda yara ke haddace ta, domin a Babila ɗalibai masu koyon rubutu sun yi ta kwafar layukan Enuma Elish a allunansu, an tono irin waɗannan alluna da yawa. Abin da yaro ya kwafa da hannunsa yana ɗan shekara 10 ba ya tambayar gaskiyarsa yana ɗan 40.

Sannan ki bar ɗinki, irin wanda kunnen Bahaushe zai kama. Muna da kayan aikin a hannu: amsa-amo. Ga gwaji na yi miki, ki gyara yadda kika so:

Wa ya shimfiɗa fadama tun duniya ba kowa?
Wa ya shayar da gero, ya kori yunwa?
Wa ke goyon jariri tun kafin haihuwa?
Wa muke kira in mun ji ƙishirwa?
Ubanmu Mai Rana.

Karanta shi da ƙarfi. Layi huɗu sun sauka a kan "wa", na biyar ya faɗi gefe. Kuma wane uba ne ke goyo, wace rana ce ke kashe ƙishirwa? Kada ki yi bayani. Ki bar mai karatu ya ji wannan baiti a fada a babi na 2, da tambura da jama'a suna amsawa, ya wuce shi. A babi na 15 yarinyarki, wadda aka kawo daga bakin kogi tana hidima a ɗakin bauta, ta je gida ta tarar kakarta tana daka. Taɓarya tana sauka a kan kowane "wa". Tsohuwa ta kai layi na biyar, ba ta ɗaga kai ba, ta ce "Uwar Ruwa", taɓarya ta sauka daidai. Yarinya ta tsaya da tulu a ka. Kakar ba 'yar tawaye ba ce, ba ta ma san ta faɗi wani abu ba, haka ta ji uwarta tana yi. Mai karatu zai koma babi na 2 da gudu, kuma ba ke kika ce masa waƙar ƙarya ce ba, shi ya gano.

Wannan ya kawo mu ga yawan abin da za ki sa a littafin. Kada ki rubuta waƙar duka, kuma kada ki zuba baiti 40 wuri guda, za a tsallake su. Baiti 10 zuwa 12 masu kyau sun isa, a warwatse. Sauran ki bari a ji ƙamshinsu a bakin mutane: rantsuwar 'yan kasuwa, kirarin soja, zagin da uwa ke yi wa yaro mai ƙiwuya da sunan maci amanar waƙar, wasan yara inda babu mai son a sa shi ya zama kogi. Alƙali ya yanke hukuncin gona da rabin baiti, wanda aka ƙwace wa gonar ya amsa masa da ɗaya rabin. Waƙar da mutane ke faɗa da juna da ita ta fi wadda suke rerawa baki ɗaya kama da gaske.

Wata 'yar shawara a gefe, tunda Hausawa za su karanta. Ki nisanta addinin daularki da kalmomi da siffofin ibadar addinan da mutane ke bi a yau. Na ga kin kira matsafanki limamai a wuri biyu, kin kuma sa suna jeruwa sahu. Cire. Mai karatu zai bar labarin ya koma neman wa kike nufi, ke kuma ki shiga bayanin da ba ki shirya ba. Ƙago musu sunan muƙami da irin tsayuwarsu, duniyar ma za ta fi zama taki.

Saura babban matsafinki, wanda kika zana yana dariyar mugunta a ɗaki shi kaɗai saboda ya san ƙarya yake yi. Wannan mutumin ne ya fi raunana littafin. Malaman Babila sun rubuta sharhi a kan sunayen Marduk 50, suna fasa kowane suna gaɓa-gaɓa suna ciro ma'anoni, aikin mutanen da suka ba da gaskiya ne kuma suke da kaifin ƙwaƙwalwa. Naki ma haka zai kasance. In yarinyar ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi me ya sa layi na biyar bai sauka daidai ba, ba zai firgita ba, ba zai sa a kama ta ba. Zai yi murmushi, ya ji daɗin samun ɗaliba mai kunne. Zai ce mata malaminsa ya koya masa, shi ma daga nasa malamin, cewa da gangan mawaƙin farko ya karya amon, domin sunan Mai Rana ya fi ƙarfin ya yi daidai da kowace kalma, kuma akwai sharhi mai shafi 30 a kan wannan layi kaɗai, in ta iya karatu zai ba ta. Ya yarda da abin da yake faɗa har zuciyarsa. Amsar tana da kyau, har yarinyar ta kwana tana tunanin ko kakarta ce ta yi kuskure.

Daga cikin baitocinki, na 7 da na 22 da na 31 ki riƙe su, musamman na 22 inda uwar jarumin ke ƙirga dawakin da suka dawo ba mahaya. Sauran ki ajiye gefe, ki rubuta shafin tarihin waƙar tukuna, sannan ki turo mini babi na 2 da na 15 tare.